Ma'aunin Wasan Bidiyo Yana Cikin Yadda Yake Kayar da Mai Wasa

A shekarar 2010 kamfanin Obsidian na ƙasar Amurka ya kammala wasan Fallout: New Vegas, kuma a yarjejeniyar da ya ƙulla da Bethesda, kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin, akwai sharaɗin cewa za a ba shi ƙarin kuɗi idan wasan ya sami maki 85 a shafin Metacritic, wanda yake tattara hukuncin masu sharhi ya dunƙule shi zuwa lamba guda. Wasan ya tsaya a 84. Maki ɗaya tak ya raba ma'aikatan da wannan kuɗi, alhali har yau masu son wasannin labari suna lissafa shi cikin fitattun irinsa, saboda yadda zaɓin mai wasa yake sauya makomar garuruwa da ƙungiyoyin da ke cikinsa. Abin da ya ja makin ƙasa shi ne kurakuran manhaja da wasan ya fito da su, kuma wannan aibi ne na gaske. Sai dai lambar ba ta iya bambanta aibin da za a gyara cikin 'yan watanni da nagartar da za ta shekara goma tana amfani ba.

Babbar matsalar lamba guda ita ce tana ɗora abubuwan da ba jinsi ɗaya ba a kan sikeli ɗaya. Wasan jera tubala, da wasan ƙwallon ƙafa, da wasan harbi tsakanin mutum ɗari, da wasan labari mai cin awa sittin, duk sai a ce wannan 90 ne wancan 78, kamar dai abu ɗaya suke nema daga mai wasa. Babu mai auna gwanin dara da ƙarfin damtse, ko ya auna ɗan dambe da iya dogon lissafi, duk da cewa kowannensu wasa yake yi mai ci da faɗuwa. Haka wasannin bidiyo suke: abin da yake ƙarfi a wani nau'i yana iya zama rauni a wani, kuma wahala da sa'a da tsawo duk suna sauya hukunci gwargwadon inda aka same su.

Duk da haka, a ganina akwai tambaya guda da take ratsa yawancin nau'o'in, kuma ita ce ta fi tona asirin wasa: ta yaya yake kayar da mai wasa? Kowane wasa yana da daɗi a lokacin da mutum yake cin nasara, don haka nasara ba ta nuna komai game da ingancinsa. Faɗuwa ce take nunawa. Idan aka kayar da kai, shin ka san dalili? Idan ka sani, gyaran yana hannunka ne, ko yana aljihunka, ko kuwa yana wani wuri da ba ka da iko da shi?

Tetris, wanda Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a birnin Mosko a tsakiyar shekarun 1980, shi ne misali mafi tsafta. Siffofi bakwai ne kawai, kowace an haɗa ta da murabba'i huɗu, suna saukowa daga sama, kai kuma kana jera su don cike layi. A tsohon tsarinsa babu ranar da za ka gama shi, ƙarshen kowane zama faɗuwa ce. Amma duk wanda ya faɗi yana iya nuna ramin da ya bari a ƙasa tun da farko, wanda ya toshe shi da hannunsa, kuma wannan sanin ne yake sa shi sake farawa ba tare da jin an zalunce shi ba. Rauni guda da tsofaffin fitowarsa suke da shi shi ne doguwar sandar nan da ake jira takan daɗe ba ta zo ba, har mutum ya faɗi ba da laifinsa ba. Masu tsara wasan sun gane haka, shi ya sa a fitowar zamani ake zuba siffofin bakwai kamar a jaka guda, a yamutsa su, a raba su duka kafin a buɗe wata jakar. Sa'a tana nan, amma an yi mata iyaka. Wanda zai yi sharhin irin wannan wasa ya nemi labari ko kyan hoto, ya ɓata lokacinsa, domin abin dubawa shi ne ko dokokin sun fito fili, kuma ko wasan yana riƙe da su.

Kafin wasa ya sami hurumin kayar da mutum, wajibi ne ya fara koya masa. Matakin farko na Super Mario Bros., wanda Nintendo ya fitar a 1985 ƙarƙashin jagorancin Shigeru Miyamoto, har yau ana koyar da shi ga masu tsara wasanni saboda wannan dalili. An ajiye Mario a gefen hagu na allo, gabansa fili, don haka ko yaro ya san dama zai nufa. Abokin gaba na farko yana tahowa a hankali shi kaɗai, in ya taɓa ka ka mutu, amma asarar ba ta wuce ta 'yan sakanni ba, kuma ka koyi tsalle. Ba a rubuta umarni ko ɗaya ba. Wannan yana da muhimmanci na musamman ga masu wasa da yawa a wurarenmu, waɗanda suke buga wasanni cikin harshen da ba su ƙware a kai ba, domin wasan da ya iya koyarwa da tsarinsa ya fi wanda ya jibga bayani shafi-shafi isa ga mutane.

A wasannin faɗa na mutum biyu, irin su Street Fighter II na kamfanin Capcom da ya fito a 1991, da Mortal Kombat da ya biyo baya a 1992, da Tekken, ma'aunin ya koma kan lokaci. Waɗannan wasanni suna tafiya ne a kan hoto 60 a kowane sakan, wato kowane hoto yana ɗaukar kusan kashi 17 cikin dubu na sakan, kuma ƙwararru da adadin hotuna suke lissafa kowane naushi: nawa yake ɗauka kafin ya sauka, nawa mai shi yake ɗauka kafin ya iya kare kansa. Ƙarfin wasan faɗa yana cikin abu biyu, cewa abin da yatsa ya danna shi jarumi zai yi nan take, da kuma cewa babu wani jarumi ko wata dabara da ba ta da magani. To, a nan intanet take shigowa da nata hukuncin. Idan saƙo yana ɗaukar kashi 150 cikin dubu na sakan kafin ya je ya dawo tsakanin 'yan wasa biyu, abin da ake kira ping, wannan daidai yake da hoto tara, kuma hoto tara a wasan faɗa ya isa a doke mutum kafin kariyarsa ta bayyana. Shi ya sa masana suke tambayar irin fasahar da wasa yake amfani da ita wajen haɗa mutane. Tsohuwar hanya tana jinkirta abin da ka danna har saƙon abokin karawarka ya iso. Sabuwar kuwa, wadda Street Fighter 6 na 2023 yake amfani da ita, tana hasashen abin da abokin karawa zai yi ta ci gaba da wasa, in hasashen ya kuskure ta koma baya ta gyara cikin ƙiftawar ido. Mai sharhin da ya gwada wasa a Tokyo ko Landan zai iya wuce wannan batu da layi ɗaya, amma ga mai wasa a Kano ko Maraɗi shi ne yake raba wasan da za a iya bugawa da wanda ba za a iya ba.

Batun wahala ya fi kowanne jawo gardama. Dark Souls na kamfanin FromSoftware na Japan, wanda ya fito a 2011, da ƙanensa Elden Ring na 2022, sun yi suna wajen kashe mai wasa sau da yawa, kuma wasu suna ɗaukar hakan aibi. Ni ban ɗauke shi aibi ba, domin wahalar tana da tsari. Kowane dodo yana nuna alama kafin ya kai sara: ya ɗaga kafaɗa, ko ya ja ƙafa baya, ko ya ɗan tsaya, kuma wanda ya lura zai gane cewa gaggawarsa ce ta kashe shi. In ka mutu, dukiyar da ka tara tana zube a inda ka faɗi, kana da dama guda ka koma ka ɗauka, in ka sake mutuwa a hanya ta tafi ke nan. Hukunci ne mai tsanani, amma an sanar da kai tun farko. Raunin waɗannan wasanni na gaskiya yana wani wuri dabam: kyamara, wato kusurwar da mai wasa yake kallo ta cikinta, takan rikice a lungu mai ƙunci ko a gaban dodo mai girma, har a kashe ka da saran da ba ka gani ba, kuma irin wannan mutuwa ba ta koyar da komai. Celeste na 2018 ya bi wata hanya, wasa ne mai wuyar gaske amma ya ba da damar rage gudunsa ko ma hana mutuwa gaba ɗaya ga wanda yake buƙata, ba tare da ya rage komai ga wanda ba ya so ba. Wannan ƙarfi ne babba, musamman ga masu larurar hannu ko ta gani, waɗanda aka daɗe ana mantawa da su a wannan harka.

Sa'a ma haka take sauya fuska. A wasan tseren mota na Mario Kart, mutumin da yake baya a tsere shi ake ba makamai masu ƙarfi, har da shuɗin ƙoƙon nan da yake neman wanda ke gaba ya tarwatsa shi. Da gangan aka yi haka, domin wasa ne na zaman gida inda ake son ƙane ya iya cin wansa wani lokaci. A saka irin wannan a Gran Turismo, wanda alkawarinsa shi ne kwaikwayon tuƙin mota na haƙiƙa, sai wasan ya rushe.

Wasan ƙwallon ƙafa ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne abin da yawancin matasa suka fara riƙe pad a kansa, a gidajen gem inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya-ɗaya, wanda aka ci ya miƙa pad ga na gaba, janareto yana ruri a waje, masu jiran layi kuma suna tsaye a baya kowa yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. A irin wannan wuri aka daɗe ana muhawara tsakanin FIFA na kamfanin EA, wanda ya fara a 1993 kuma ya koma EA Sports FC a 2023 bayan rabuwarsu da hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, da PES na kamfanin Konami. Ƙarfin FIFA shi ne lasisi: sunayen ƙungiyoyi na gaskiya, da rigunansu, da filayensu. Ƙarfin PES, musamman a zamanin PlayStation 2, shi ne yadda ƙwallo take da nauyi a ƙafa, da yadda fasin da ba a auna ba yake lalacewa, har mutane suka haƙura da sunayen ƙarya da aka laƙaba wa wasu ƙungiyoyin Ingila saboda daɗin bugun. Wannan ya nuna cewa masu wasa, ko ba su faɗa da kalmomin masana ba, sun fi daraja amsar pad a kan ado. Da Konami ya sauya wasan zuwa eFootball a watan Satumba na 2021 ya sake shi kyauta amma ba a gama gyara shi ba, da fuskoki a karkace da motsi marar kan gado, sai ya zama ɗaya daga cikin wasannin da aka fi kushewa a dandalin Steam na sayar da wasannin kwamfuta, har kamfanin ya nemi afuwa.

Wasan ƙwallo yana da wata matsala da ta keɓanta da shi. Mai wasa mutum ɗaya yake sarrafawa a lokaci guda, sauran goma kwamfuta ce take tafiyar da su, don haka idan aka zura masa ƙwallo a minti na 90 ba ya iya tantancewa ko shi ya yi sake ko mai tsaron bayan da ba ya hannunsa ne ya kauce. Daga nan zargin da ya daɗe ya samo asali, cewa wasan yana karkata sakamako da gangan. EA ya sha musanta haka, kuma ƙarar da wasu suka shigar a jihar Kalifoniya a 2020 an janye ta a 2021 bayan kamfanin ya nuna wa masu ƙarar bayanan fasaharsa. To amma ko da zargin ba shi da tushe, wanzuwarsa kaɗai rauni ne na tsari, domin wasan ya kasa nuna wa wanda aka ci dalilin da ya sa aka ci shi.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kuɗi. Tun 2009 FIFA ya shigo da sashen Ultimate Team, inda ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa, kuma ana samun katunan ne a ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba sai an buɗe, wanda ana iya saye da kuɗin gaske. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa irin waɗannan ƙunshe-ƙunshe caca ne, kuma a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin da ake sayen su da shi a ƙasar. Ba sai an jira hukuma ba kafin a ga illar: yaron da aka ci da ƙungiyar da ta fi tasa tsada, darasin da zai ɗauka shi ne ya sayi wani ƙunshin, kuma babu tabbacin abin da zai samu. Wannan ne aibin da na fi ɗauka da nauyi a duk harkar, domin ya juya faɗuwa daga abin koyo zuwa hanyar tatsa, kuma yara ne suka fi faɗawa.

Wasannin waya na kyauta sun gina kasuwarsu a kan wannan dabara. Candy Crush Saga, wanda kamfanin King ya fitar a 2012, wasa ne mai tsari mai kyau a asalinsa, amma yana ba ka rai biyar, kowane rai da ka rasa sai ka jira minti 30 kafin ya dawo, kuma daidai lokacin da ya rage maka motsi ɗaya ko biyu ka ci mataki ake nuna maka tayin sayen ƙari. Cewa a 2016 kamfanin Activision Blizzard ya sayi King a kan dala biliyan 5.9 ya isa ya nuna yawan waɗanda suke amsa wannan tayi. Mai sharhi na gari dole ya tambaya ko an tsananta matakin ne don ya gwada basira ko don ya kai mutum bakin biya.

A wasannin harbi na waya kuwa, hukunci ba ya cika sai an haɗa da halin da mai wasa yake ciki. PUBG Mobile, wanda ya fito a 2018, yana zuba mutum 100 a babban fili, zama ɗaya yakan kai rabin awa, kuma ya fi zurfi ta fuskar dabara da sarrafa bindiga. Free Fire na kamfanin Garena, wanda ya fito a 2017, ya rage adadin zuwa 50, zaman kuma kusan minti 10, aka kuma tsara shi don ya yi aiki a ƙananan wayoyi. A takarda na farko ya fi, amma ga wanda wayarsa take zafi bayan minti 20, cajinsa yake zuba, datarsa kuma a ƙirge take, gajartar na biyun ita ce ƙarfinsa. Wasan da yake neman a sauke sabon kaya mai nauyi kowane 'yan makonni yana da tsadar da ba a rubuta a farashinsa ba, kuma wannan ma abin sakawa ne a sikeli. Dalilin da ya sa Dream League Soccer, wasan ƙwallon ƙafa na waya, ya sami karɓuwa ke nan, domin ana iya buga shi ko babu intanet.

Akwai wasannin da tambayar faɗuwa ba ta isa ta auna su ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Minecraft, wanda Markus Persson na ƙasar Suwidin ya fara a 2009, kuma Microsoft ya sayi kamfaninsa a 2014 a kan dala biliyan 2.5, ya sayar da kwafi sama da miliyan 300 da hotuna masu kama da tubalin gini. A irinsa abin tambaya shi ne, idan dabara ta zo wa mai wasa, wasan yana barinsa ya gwada? The Legend of Zelda: Breath of the Wild na 2017 ya yi fice a nan, domin wuta tana cin ciyawa, iska tana kaɗa ta, ƙarfe yana jan tsawa, kuma duk dutsen da ka hango kana iya hawa. Raunin wasannin buɗaɗɗen fili da yawa shi ne girman banza, taswira mai faɗi cike da aiki iri ɗaya da aka maimaita sau hamsin don a ce wasan yana da tsawo. Awa goma masu ma'ana sun fi awa ɗari na aike. Kyan hoto kuwa shi ne ma'aunin da ya fi saurin tsufa, kuma GTA: San Andreas na 2004 shaida ne, tunda ana buga shi har yau duk da hotunansa sun tsufa ƙwarai. Sai dai ambatonsa yana tuna wani abu da iyaye suke yawan tsallakewa: a jikin yawancin wasanni akwai alamar shekaru, ta hukumar ESRB da aka kafa a Amurka a 1994 ko ta PEGI da Turai ta fara a 2003, kuma manyan wasannin GTA na manya ne, masu ɗauke da kisa da batsa, komai ingancin tsarinsu bai sa sun dace da ɗan shekara goma ba.

Saura batun lokacin da aka yanke hukunci, domin wasan zamani ba ya tsayawa yadda ya fito. Cyberpunk 2077 na kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fito a watan Disamba na 2020 cike da kurakurai, musamman a PlayStation 4, har Sony, kamfanin da ke yin PlayStation, ya cire shi daga shagonsa ya mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo da shi ba sai a watan Yuni na 2021. Zuwa 2023 an gyara shi ya zama wasa nagari. Sharhin da ya kushe shi a 2020 da wanda ya yabe shi a 2023 duk gaskiya suka faɗa, shi ya sa mai karatu yake bukatar duba kwanan watan sharhi da irin na'urar da aka gwada wasan a kai kafin ya fitar da kuɗinsa. Sauyin yana iya tafiya ta ɗaya ɓangaren ma. The Crew, wasan tseren mota na kamfanin Ubisoft da ya fito a 2014, an gina shi ne yadda ba ya tashi sai ya haɗu da kwamfutocin kamfanin, ko da mutum shi kaɗai yake son bugawa. A ƙarshen watan Maris na 2024 kamfanin ya kashe waɗannan kwamfutoci, kuma daga ranar duk wanda ya sayi wasan, har da mai faifai a hannu, ya rasa hanyar buɗe shi. Wannan sharaɗi yana cikin wasan tun ranar da ya fito, shekara goma kafin ya yi aikinsa, amma kaɗan ne daga masu ba da maki suka lissafa shi cikin aibobinsa a lokacin.